Lulu Vere Childers: 'yar 'yantattun bayi da ta kafa makarantar kiɗa ta Jami'ar Howard

Lulu Vere Childers malamar kiɗa da waƙa ce, baƙar fata 'yar ƙasar Amurka, wadda ta shafe sama da shekara 35 tana shugabancin sashen kiɗa na Jami'ar Howard da ke birnin Washington. An haife ta ranar 28 ga Fabrairu, 1870, ta rasu ranar 6 ga Maris, 1946, tana da shekara 76. Lokacin da ta isa jami'ar ta tarar da kiɗa ɗan ƙaramin sashe ne da ba a cika kula da shi ba, ta kuma bar shi ya zama makaranta mai cin gashin kanta, mai manhaja da ƙwararrun malamai da digirinta. Muƙamin da ta riƙe na darakta ne, wanda ya yi daidai da abin da ake kira shugaban tsangaya, a zamanin da da wuya mace ta hau irin wannan kujera a jami'ar da maza ke karatu, ko da kuwa farar fata ce.

Sunanta bai yi tashe ba kamar na wasu da suka bi ta hannunta. Sai dai taron waƙar da ya fi kowanne shahara a tarihin gwagwarmayar baƙaƙen fatar Amurka, wanda Marian Anderson ta yi a gaban ginin tunawa da Lincoln a 1939, ya faro ne daga makarantar da take shugabanta, a lokacin da makarantar ta nemi hayar zaure aka hana ta.

Asali

An haife ta a Dry Ridge, wani ƙaramin gari a arewacin jihar Kentucky. Mahaifinta Alexander Childers da mahaifiyarta Eliza duk sun ɗanɗani bauta. Kentucky kuwa tana da wani matsayi na daban a tarihin bautar Amurka. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1861 ba ta ɓalle tare da jihohin Kudu ba, alhali tana riƙe da bayi. Don haka shelar 'yanta bayi da Shugaba Abraham Lincoln ya yi ranar 1 ga Janairu, 1863 ba ta shafe ta ba, domin shelar ta taƙaita ne ga yankunan da suka yi tawaye. Dubban bayin da suka rage a jihar sai da suka jira har watan Disamba na 1865, lokacin da gyara na 13 ga kundin tsarin mulkin ƙasar ya fara aiki. Majalisar Kentucky ta ƙi amincewa da gyaran a wancan lokaci, ba ta kuma sa masa albarka ba sai a 1976. Ke nan shekara huɗu da 'yan watanni ne kacal tsakanin ƙarewar bauta a jihar da haihuwar Lulu.

Tana ƙarama iyayenta suka tattara 'ya'yansu suka ƙaura arewa, zuwa garin Howell na jihar Michigan, wanda ke kan hanyar Detroit zuwa Lansing. Wannan ƙaura ta yi tasiri a rayuwarta ƙwarai. Dokar Michigan ta haramta raba makarantun gwamnati bisa launin fata tun ƙarshen shekarun 1860, don haka yarinyar ta zauna aji ɗaya da 'ya'yan Turawan garin har ta kammala sakandare, abin da ba za ta taɓa samu ba da an bar ta a mahaifarta.

Oberlin

Daga Howell ta wuce makarantar koyon kiɗa ta Kwalejin Oberlin a jihar Ohio. Zaɓin ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san tarihin wurin. An kafa Oberlin a 1833, ta buɗe ƙofarta ga ɗalibai baƙaƙen fata a 1835, ta kuma fara karɓar mata a karatun digiri a 1837, tun bauta na kan ganiyarta a Kudu. Makarantar kiɗanta, wadda aka buɗe a 1865, tana cikin mafi daɗewa a ƙasar. Harriet Gibbs, baƙar fata mace ta farko da ta kammala karatu a wannan makarantar kiɗa, ta fita ne a 1889, 'yan shekaru kaɗan gaban Childers.

Fannin Childers shi ne murya. Muryarta irin ta mata ce mai kauri da zurfi, wadda masana kiɗan Turai ke kira kwantaralto, irin muryar da Marian Anderson ta shahara da ita daga baya. Amma karatun Oberlin bai tsaya ga rera waƙa ba. Ɗalibi kan koyi karanta kiɗa a rubuce kamar yadda ake karanta littafi, da ƙa'idojin haɗa muryoyi daban-daban su tashi tare ba tare da sun ci karo ba, da tarihin kiɗa, da kaɗa fiyano. Ana kuma yi masa jarrabawa a kan kowanne. Wannan tsari ne ta ɗauka a ka, shi ne kuma ta je ta dasa a Howard.

Ta kammala a 1896. A watan Mayu na shekarar ne Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Homer Plessy, wani mutumin Louisiana da ya ƙi tashi daga taragon jirgin ƙasa na fararen fata. Kotun ta ce ware baƙi daga farare bai saɓa wa tsarin mulki ba muddin abin da aka tanadar wa kowane ɓangare daidai yake da na ɗayan. Daidaiton bai taɓa tabbata ba, wariyar kuwa ta samu gindin zama na kusan shekara 60. A ƙarƙashin wannan hukunci Childers ta yi dukan rayuwarta ta aiki, domin ta rasu shekara 8 kafin kotun ta rushe shi a fannin makarantu a 1954.

Ta fara koyarwa a makarantun gwamnati a Ohio, sannan ta gangara Kudu. Ta koyar a Kwalejin Wiley da ke garin Marshall a jihar Texas, daga nan ta koma Kwalejin Knoxville a jihar Tennessee, inda ta zauna daga 1900 zuwa 1905. Dukan kwalejojin biyu ƙungiyoyin coci ne na Arewa suka kafa su a shekarun 1870 domin ilimantar da 'yantattun bayi da 'ya'yansu.

Howard

A 1905 ta karɓi aiki a Jami'ar Howard. Majalisar dokokin Amurka ce ta ba jami'ar izinin kafuwa a 1867, aka kuma raɗa mata sunan Janar Oliver Otis Howard, shugaban hukumar da aka ɗora wa kula da 'yantattun bayi bayan yaƙi. Tana da tsangayoyin aikin likita da shari'a da ilimin addini, ita ce kuma ta yaye kaso mai tsoka na likitoci da lauyoyi baƙaƙen fata na wancan zamani. Shugabanninta duk fararen fata ne har zuwa 1926, lokacin da aka naɗa Mordecai Johnson. A nan ne Nnamdi Azikiwe, shugaban Najeriya na farko, ya yi wani ɓangare na karatunsa a ƙarshen shekarun 1920, Childers tana kan kujerarta.

Birnin Washington da ta tarar gari ne mai ɗimbin baƙaƙen fata masu ilimi: malaman makaranta, likitoci, limaman coci, da akawuna masu aiki a ma'aikatun gwamnatin tarayya. Suna da ƙishirwar kiɗa, suna kuma da kuɗin sayen tikiti. Shekara ɗaya kafin isowarta, a 1904, wata ƙungiyar mawaƙa ta baƙaƙen fatar birnin ta gayyato Samuel Coleridge-Taylor daga Landan ya jagoranci kiɗan da ya tsara da kansa. Coleridge-Taylor, wanda mahaifinsa likita ne ɗan Saliyo, mahaifiyarsa kuma Baturiyar Ingila, yana cikin fitattun masu tsara kiɗa na Ingila a lokacin, har Shugaba Theodore Roosevelt ya karɓe shi a fadarsa. Harriet Gibbs ma ta riga ta buɗe makarantar kiɗa mai zaman kanta a birnin tun 1903. Abin da babu shi ne wurin da saurayi ko budurwa baƙar fata za su yi karatun kiɗa a matakin jami'a a babban birnin ƙasarsu.

Childers ta fara daga abin da ke hannu, wato ƙungiyar mawaƙan jami'a da ke rera waƙa a ɗakin ibada na Andrew Rankin. Ta horar da su har suka kai ga ɗaukar manyan ayyukan da ake gwada ƙungiyoyin mawaƙa da su a Turai, irin su Messiah na Handel da Elijah na Mendelssohn, da kuma Hiawatha na Coleridge-Taylor. Wanda bai taɓa ganin irin wannan aiki ba zai iya ɗaukarsa wasa. Messiah kaɗai yakan ci fiye da sa'a biyu idan an rera shi cikakke. Ana raba mawaƙa gida huɗu bisa kaurin murya da siranta, kowane gida yana bin layinsa a rubuce, wani ya shigo wani ya dakata, su kuma haɗu a gaɓa ɗaya ba tare da wani ya riga wani ba. Kafin ɗalibai su iya haka sai an yi watanni ana bita, mafi yawansu kuwa ɗaliban wasu fannoni ne da ke zuwa bayan sun tashi daga darasi.

Tarukan waƙar suka jawo jama'a, suka kuma jawo hankalin hukumar jami'a. Amma Childers ba ta tsaya ga tafi ba. Ta tsara darussa a matakin kwaleji, ta nemi a ɗauko malamai masu takardun shaida, ta matsa a amince da kiɗa a matsayin fannin da ake ba da digiri a kansa. A 1913 sashen ya zama cikakkiyar cibiyar koyon kiɗa, a 1918 kuma ya zama Makarantar Kiɗa ta jami'ar, ita ce shugaba.

Shekarun biyu suna da ma'ana idan aka dubi abin da ke faruwa a wajen katangar jami'a. A 1913 ne Woodrow Wilson ya hau mulki, gwamnatinsa ta shigo da wariya cikin ma'aikatun tarayya. Aka raba wuraren cin abinci da bayan gida, aka kafa shamaki a wasu ofisoshi tsakanin akawu baƙi da farare, aka rage wa wasu matsayi, daga bisani aka buƙaci mai neman aikin gwamnati ya haɗa da hotonsa. Waɗannan ma'aikata su ne iyayen ɗalibanta, su ne kuma masu cika kujeru a tarukanta. A watan Yuli na 1919 rikicin launin fata ya ɓarke a titunan birnin har aka rasa rayuka. A wannan shekara ce kuma ƙungiyar mawaƙanta ta gabatar da Messiah.

Waɗanda ta tara

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma a nan ne gwanintar Childers ta fi bayyana, wato iya zaɓen mutane. Tun kafin yaƙin duniya na farko ta samu Roy Tibbs, makaɗin fiyano da ogan wanda ya yi karatu a Fisk da Oberlin, ya kuma daɗe yana jagorantar ƙungiyar mawaƙa maza ta jami'ar. A shekarun 1920 Camille Nickerson ta zo daga New Orleans, ita ma 'yar Oberlin, ta koyar har zuwa 1962. Nickerson ta yi suna wajen bin tsofaffi a Louisiana tana tattara waƙoƙin gargajiya na Kiriyol, waɗanda ake rerawa da wani harshe da ya tsiro daga cuɗanyar Faransanci da harsunan bayi, tana rubuta su kafin su ɓace. Akwai Louia Vaughn Jones, gwanin gogen Turawa, wanda ya zauna a Faransa shekaru. Akwai Hazel Harrison, wadda ta kaɗa fiyano tare da babbar ƙungiyar makaɗa ta birnin Balin a Jamus tun 1904, tana 'yar shekara ashirin da kaɗan. Irin waɗannan mutane, da launin fatarsu daban ne, da manyan makarantun New York da Boston sun yi rububinsu. Wariya ce ta tura su Howard, Childers kuma ta san yadda za ta ci moriyar hakan.

Labarin Todd Duncan ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. Shi ma ɗan Kentucky ne, ya fara koyar da murya a makarantar a farkon shekarun 1930. A 1935 George Gershwin ya zaɓe shi ya fito a matsayin Porgy a wasan waƙa na Porgy and Bess. Da tawagar wasan ta iso Washington a watan Maris na 1936, gidan wasan National, inda za a nuna shi, bai yarda baƙar fata ya sayi tikiti ba. Duncan ya ce ba zai hau dandamalin da ɗan'uwansa ba zai iya zama a gabansa ba. Masu gidan suka yi tayin ware wasu kujeru ko wasu ranaku, ya ƙi, sauran 'yan wasa suka mara masa baya. A ƙarshe aka buɗe ƙofa ga kowa na tsawon makon da wasan ya yi. Da tawagar ta tafi aka koma gidan jiya.

Cikin ɗalibanta na farko, wadda ta fi yin nisa ita ce Lillian Evans, 'yar Washington, wadda ta karɓi digirin kiɗa a 1917. Ta auri Roy Tibbs, ta haɗa sunanta da nasa ta zama Lillian Evanti. Da ta ga babu gidan ofera a Amurka da zai ɗauki baƙar fata, sai ta haye Faransa, inda ta fito a babban matsayi a birnin Nice a 1925. Ana lissafa ta a sahun farko na baƙaƙen fatar Amurka da suka rera waƙa da kamfanin ofera na Turai.

Wace waƙa za a koyar?

Akwai tambayar da ta daɗe tana raba kawunan malaman kiɗa baƙaƙen fata na zamanin Childers. Bayi sun bar gadon waƙoƙin ibada da suka ƙaga a gonakin auduga da taba, mafi yawansu a tsarin jagora da 'yan amshi, cike da labarin Annabi Musa da Fir'auna da begen kuɓuta. Ɗaliban Jami'ar Fisk ne suka fito da su duniya daga 1871, suka zaga Amurka da Turai suna rera su don tara wa jami'arsu kuɗi, har suka rera a gaban Sarauniya Victoria a 1873. A 1893 Antonín Dvořák, mashahurin mai tsara kiɗa daga ƙasar Cek, wanda ke koyarwa a New York, ya bayyana cewa a kan waɗannan waƙoƙi ya kamata Amurka ta gina kiɗanta na ƙasa.

Sai dai ga jikokin bayin, al'amarin yana da ɗaci. Attajirai fararen fata masu ba da gudummawa sun fi son su ziyarci kwalejin baƙaƙe a tara musu ɗalibai su rera waƙoƙin gona, su share hawaye, su rubuta cek. Ɗalibai da yawa suna ganin ana so ne a riƙa tuna musu matsayin kakanninsu. A ƙarshen 1909 wasu ɗaliban Howard suka ƙi rera waƙoƙin da shugaban jami'ar, Wilbur Thirkield, wani limamin coci farar fata, ya buƙata, har maganar ta shiga jaridu. Wannan ya faru shekara huɗu da zuwan Childers.

Manhajar da ta gina ta karkata ne ga kiɗan Turai, irin wanda ta koya a Oberlin. Ana iya ganin dalilinta. A lokacin da ake yaɗa cewa baƙar fata yana da baiwar murya amma ba shi da ƙwaƙwalwar nazari, ɗalibin da ya zauna jarrabawa ɗaya da ta Oberlin ya ci ya ba da amsar da babu mai iya musantawa, ya kuma samu takardar da zai nemi aiki da ita. Amma zaɓin yana da nasa farashi. Tafiyar 'yan mintoci daga ƙofar jami'ar akwai titin U da gidan wasan Howard, wanda aka buɗe a 1910, inda kiɗan jaz ke tashe, unguwar da Duke Ellington ya taso. Wannan kiɗa, wanda ya zama babbar kyautar Amurka ga duniya a ƙarni na 20, bai samu shiga ajin makarantar ba sai a ƙarshen shekarun 1960, lokacin da mai busa ƙaho Donald Byrd ya kafa sashen nazarinsa. Laifin ba na Childers kaɗai ba ne, domin haka kusan dukan makarantun kiɗa na ƙasar suke a lokacin.

Neman zaure

Makarantar tana da jerin tarukan waƙa na shekara-shekara, inda take gayyato fitattun mawaƙa, ta sayar da tikiti, jama'ar birni su amfana, ita ma ta samu na kashewa. Daga tsakiyar shekarun 1930 babbar baƙuwar jerin ita ce Marian Anderson, ƙawar Childers, 'yar birnin Philadelphia da aka haifa a 1897. Anderson ta riga ta girgiza Turai. A Salzburg ta ƙasar Ostiriya, a 1935, shahararren jagoran makaɗa Arturo Toscanini ya ji ta ya ce irin muryarta sau ɗaya ake ji a ƙarni. Kowace shekara masu son jin ta a Washington ƙaruwa suke yi. An fara da zauren wata sakandaren baƙaƙen fata, aka koma wani gidan sinima, duk suka yi kaɗan.

Zaure mafi girma a birnin shi ne Constitution, mai kujeru kusan 4,000, mallakar ƙungiyar DAR, ta matan da ke danganta kansu da waɗanda suka yi yaƙin 'yancin Amurka. Tun 1932 ƙungiyar ta sa sharaɗi a takardun hayarta cewa farar fata kaɗai zai hau dandamalin. A farkon Janairu na 1939 Cecil Cohen, malamin fiyano a makarantar Childers kuma shugaban kwamitin tarukan, ya nemi zauren don ranar 9 ga Afrilu, Lahadin Ista. Aka ce wani ya riga ya kama ranar. Manajan Anderson, Sol Hurok, ya nemi wasu ranakun, aka ce duk babu. Jami'ar ta juya ga hukumar ilimi ta birnin, ta roƙi babban zauren sakandaren Central, makarantar fararen fata. Nan ma aka hana. Da surutu ya yi yawa hukumar ta yarda bisa sharaɗin kada a sake neman irin wannan alfarma, sharaɗin da masu shirya taron ba su karɓa ba.

Daga nan maganar ta fi ƙarfin ofishin makarantar kiɗa. Malaman Howard, da ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata ta NAACP ƙarƙashin Walter White, da coci-coci da ƙungiyoyin ƙwadago suka kafa kwamiti, aka tara dubban sa hannu. A ƙarshen Fabrairu uwargidan shugaban ƙasa, Eleanor Roosevelt, ta fice daga DAR, ta kuma bayyana hakan a shafinta na jarida. Sakataren harkokin cikin gida Harold Ickes, wanda wuraren tarihi na tarayya ke ƙarƙashin ma'aikatarsa, ya ba da izinin a yi taron a fili, a matakalar ginin tunawa da Lincoln, Shugaba Franklin Roosevelt kuma ya amince.

Ranar 9 ga Afrilu da yamma, cikin sanyi, mutane kimanin 75,000, baƙi da farare a cakuɗe, suka cika filin. Gidan rediyon NBC ya watsa wa miliyoyi. Ickes ya gabatar da ita, Kosti Vehanen ɗan ƙasar Finland ya zauna ga fiyano. Anderson ta rera wata waƙar kishin ƙasa, ta rera ta Donizetti da ta Schubert, ta rufe da waƙoƙin ibada na bayi, duka cikin kusan rabin sa'a. Gadon nan biyu da aka daɗe ana jayayya a kansu a Howard suka fito daga baki ɗaya. Ga DAR kuwa, ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya: zauren da ta hana bai kai ya ɗauki ko kashi ɗaya cikin goma na waɗanda suka halarta ba.

Sunan Jami'ar Howard ne a saman takardar shirin taron a matsayin mai gayyata. Amma taron kyauta ne, ba a sayar da tikiti ko ɗaya ba, don haka kuɗin ƙofar da makarantar ta sa rai da shi tun farko bai shigo ba. Childers tana da shekara 69 a lokacin. Littattafan tarihi sun fi ambaton Eleanor Roosevelt da Ickes da White, kuma sun cancanta. Sai dai da babu makarantar da ta kai matsayin gayyato mawaƙiya irin Anderson kowace shekara, da babu jama'ar da aka shafe shekara talatin ana saba musu da sayen tikitin irin wannan waƙa har suka fi ƙarfin ƙananan zauruka, da ba a kai ga ƙwanƙwasa ƙofar DAR ba.

Anderson ta shiga zauren Constitution daga baya, a Janairu 1943, a wani taron tara gudummawar yaƙi, bisa sharaɗin kada a raba masu sauraro. A 1955 ta zama baƙar fata ta farko da ta rera babban matsayi a gidan ofera na Metropolitan a New York. A watan Agusta na 1963 ta sake tsayawa a matakalar Lincoln, ranar da Martin Luther King ya yi shahararren jawabinsa.

Ajiye aiki

Childers ta ajiye aiki a farkon shekarun 1940, jami'ar kuma ta karrama ta da digirin girmamawa na dakta a fannin kiɗa. Warner Lawson ne ya karɓi ragamar makarantar a 1942, ya riƙe ta kusan shekara 30. A zamaninsa makarantar ta yaye Roberta Flack, wadda ta shiga tana 'yar shekara 15, da Jessye Norman, wadda ta kammala a 1967 ta zama ɗaya daga cikin manyan mawaƙan ofera na duniya. Donny Hathaway ma a nan ya yi karatu.

Ita kuwa ta koma Howell, garin da ta taso, a can ta rasu a 1946. Da jami'ar ta gina sabon rukunin gine-gine na fannonin fasaha a farkon shekarun 1960, sai ta raɗa wa ginin da sashen kiɗa ke ciki sunanta. Har yau ana kiransa Zauren Lulu Vere Childers, yana kuma ƙarƙashin kwalejin fasaha da aka sa wa sunan ɗan wasan fim Chadwick Boseman a 2021.